Mai Rainon Da Ban San Fuskarta Ba

Akwai wata dattijuwa da na kira ɓarauniya a bakin titi a Gyadi-Gyadi, da rana tsaka, a gaban mutanen da ban san adadinsu ba. Ba ɓarauniya ba ce. Ita ce mai yi mana rainon 'yarmu. Wata uku tana shiga gidana tana fita, amma ban san fuskarta ba. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, kuma ban saba dogon rubutu ba, sai dai ita da kanta ta ɗora mini aikin wanke sunanta, har yau kuwa ban gama ba.

Abin ya faru ne a shekarar da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Lokacin ina acaɓa. Muna haya ciki da falo a wani lungu a Tarauni, ni da matata da 'yarmu ta fari, wadda ta kusa cika shekara biyu. Matata ƙaramar nas ce a sashen awon ciki na babban asibitin da ke kusa da mu. Aikin safe kawai take yi, ta fita bakwai da rabi ta dawo bayan Azahar. Da can mahaifiyata ce ke zama da yarinyar, to da damina ta kama sai ta ce ita fa gonarta ba za ta nome kanta ba, ta koma ƙauye.

Ni a son raina matata ta bar aikin. Ba don yarinya ba, in faɗi gaskiya. A inda muke tsayawa jiran fasinja, gindin wata darbejiya a mararrabar Gyadi-Gyadi, sunan da abokan sana'a suka laƙaba mini shi ne mijin nas. Ina dariya a fili, amma abin yana cina. Ranar da ta ce mini ta samo mai raino, muka yi faɗa har na yi jifa da kwanon tuwo, na mare ta. Ta dafe kunci, ta tsaya tana kallon miyar da ke gangarowa a jikin bango, sannan ta ce:

"Malam, in ka gama, Litinin Inna za ta fara zuwa."

Wata mai shara a asibitin ce ta haɗa su. Inna gwaggon mai sharar ce. Mijinta ya rasu a ƙauye, ta taho wajen ɗanta, lebura, da ke zaune a Ƙauyen Alu. Ta haifi bakwai, ta binne uku, kamar yadda matata ta gaya mini. Kullum a ƙafa za ta zo, ta zauna da yarinyar daga safe zuwa Azahar, ta koma.

Ranar Litinin ɗin matata ta roƙe ni in ɗan jira mu gaisa da ita.

"Ko ba komai ka ga wadda za ka bar wa 'yarka."

"Me ya haɗa ni da kallon matan mutane?" na ce. Na buga babur na fita.

Fushi ne, na lulluɓe shi da addini. Ita kuma Inna ta zo da tata al'adar. Tun da ta ɗauki matata a matsayin 'ya, to ni na zama suruki, kuma a garinsu mace ba ta haɗa ido da suruki. Sau uku ko huɗu na taɓa komawa gida da hantsi ɗaukar wani abu. Da na yi sallama sai ta juya ta fuskanci bango, ta ja mayafi har haɓa, ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Malam. Ya hanya?"

Murya ƙasa-ƙasa, da ƙyar ake ji. Ni kuma in amsa kaina a sunkuye, ina jin kaina wani salihi. Abu biyu na sani nata: koren mayafi, da takalmin roba ruwan ƙasa da take ajiyewa a bakin ƙofa, ɗaya an ɗaure shi da waya.

Yarinyar kuwa ta saba da ita fiye da yadda na so. In na dawo da Magariba in tarar an yi mata kitso ƙanana, jikinta yana ƙamshin man kaɗanya, tana tafa hannu tana wata waƙar ƙauye da ban sani ba. Ko a barci ta farka, "Nna" take kira.

Ranar Alhamis ce, cikin watan da ruwa ya fi yawa, sauro ya cika lungunmu. Da safe jikin yarinyar ya ɗan yi ɗumi. Uwarta ta ba ta magani, ta ce za ta nemi izini ta dawo da wuri. Na fita abina.

Wajen ƙarfe sha ɗaya ina gindin darbejiya, mu kusan takwas, babu fasinja. Hirar da ake yi a gari lokacin ita ce satar yara. Kowa da nasa labarin: an kama wata da jariri a buhu, an ga wani da kan mutum a but ɗin mota. Ba wanda ya gani da idonsa, kullum wani ne ya gaya wa wani. Ana cewa masu neman muƙami ne ke sa a sato don tsafi.

"Da soja ne wa zai yi wannan?" in ji wani dogo a cikinmu, mai son gardama. "Yanzu ka kai ɓarawo caji ofis, kafin ka dawo gida ya riga ka isowa."

"To kai mijin nas," wani ya zungure ni, "taka 'yar wa ke tsaronta? Ko kai ne kake goyon?"

Aka yi dariya. Ina shirin ramawa ke nan na hango wata mace ta ɓullo daga lungu a guje. Ba takalmi, ba mayafi, ba ɗankwali. Furfura a tsaitsaye, zani ya kusa kwancewa, ƙafafu duk taɓo. Tana rungume da yaro a ƙirji. Na fara gane rigar, ja mai ɗigon fari, ni na saya a kasuwar Tarauni da ƙaramar salla. Sai na ga kitson. Sai na ga jini a bakin yarinyar, ya gangaro har wuya.

Ban yi tunanin komai ba. Ban ce wa kaina ai akwai tsohuwa a gidana ba. Tsohuwar gidana mai koren mayafi ce mai magana a hankali, wannan kuwa kamar mahaukaciya take. Na miƙe na kwarara ihu:

"Ɓarauniya! 'Yata ce! Ta sace mini 'ya!"

Na riga kowa isa. Na fizge yarinyar da hannu ɗaya, ita kuma ta ƙi saki, bakinta a buɗe tana haki, ta kasa magana. Na dunƙule hannu na naushe ta a ido. Har yanzu ina tuna yadda ƙashin fuskarta ya ji a hannuna. Ta saki, ta faɗi da baya a bakin kwata. Na bi ta da ƙafa, sau biyu, a haƙarƙari.

Kafin in ja da baya an rufe ta. Abokaina 'yan acaɓa ne farko, sai masu shago, sai 'yan kamasho daga tashar bas, sai waɗanda ma ba su san me ake yi ba. Wani da bel, wani da itacen mai shayi, wani ya ɗauko rabin bulo. Ina jin ƙarar duka kamar ana kakkaɓe katifa. Dogon nan mai gardama yana ta cewa, "A kawo taya! Ina mai?"

Sai yarinyar ta sandare a hannuna. Idanunta suka kakkafe sama, haƙora suka datse, hannu da ƙafa suka shiga karkarwa. Jikinta kamar garwashi. Ban taɓa ganin jijjiga ba sai ranar. Na tsaya riƙe da ita kamar gunki.

A lokacin ne na ji muryar matar daga ƙarƙashin ƙafafun mutane. Ba neman ceto take yi ba.

"Malam! Kai ta wajen uwarta! Tana ɗakin awo! Malam, yi sauri!"

Babu ɓarauniyar da za ta san uwarta tana ɗakin awo. Kuma wannan "Malam" ɗin na san shi, ko da yake ban taɓa jin sa da ƙarfi haka ba.

A nan ne babban laifina yake, ya fi naushin. Naushin na yi shi ban sani ba. Amma yanzu na sani. Magana ɗaya ce ta rage mini: ku tsaya, na yi kuskure, mai rainonmu ce. Ba za ta ci mini numfashi biyu ba. Na dubi fuskokin mutanen, na ga bulo, na ga bel, na ji tsoron kada su juyo kaina. Na ja bakina na yi shiru. Na ce wa wani abokina ya ja babur, na hau baya da yarinyar, muka tafi. Shekaru na yi ina gaya wa kaina ai ran 'yata nake ceto. Ƙarya ce. Zan iya yin duka biyun.

A asibiti aka karɓe ta da sauri, aka kira uwarta. Zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai. Aka yi allura, aka sa ruwa, jijjigar ta lafa. Likita ya duba bakinta, ya ce babu ciwo ko ɗaya, jinin nan ba nata ba ne.

Matata ta juyo. "Ina Inna?"

"Mutane ne suka tare ta a hanya," na ce.

"Suka tare ta kamar yaya?"

Na kau da kai. Ba a yi awa ɗaya ba aka shigo da Inna a bayan a-kori-kura, an rufa mata zanin wata. Daga baya na ji yadda ta tsira. Mai facin da ke wajen ya zauna a kan tayoyinsa da ƙarfen cire taya a hannu, ya ce duk wanda ya taɓa masa taya sai ya fasa masa kai. Wata mai tuyar awara da ke ganin Inna tana wucewa kullum da safe ta ture mutane ta kwanta a kanta, tana zaginsu, har ita ma ta samu rabonta na duka. Suna cikin haka 'yan sanda suka iso, kowa ya watse.

Hannunta na hagu ya karye, haƙarƙari biyu sun tsage, idon da na nausa ya kumbura ya rufe. Yatsanta manuni na dama kuwa a tattaune yake har ƙashi. Da jijjigar ta fara kama yarinyar a gida, sai ta cusa yatsanta a bakinta don kada ta ciji harshe, yadda ake yi a garinsu. Matata ta ce ba haka aka koya musu ba, ba a sa komai a bakin mai jijjiga. Amma abin da Inna ta sani ke nan, kuma yatsanta ta sa, ba cokali ba. Maƙwabtanmu mata sun ce ko ƙofa ba ta rufe ba. Ba ta taɓa hawa babur ba a rayuwarta, shi ya sa ta kama gudu.

Ƙaryata ba ta kai La'asar ba. Abokaina uku suka zo duba yarinya, suka same mu a baranda ni da matata. Dogon ya dafa kafaɗata.

"Mijin nas, yau ka burge ni wallahi! Ka ga naushi? Ashe kana da hannu haka? Hajiya, da ba don mijinki ba, da yanzu wani zancen ake."

Matata ta kalle ni. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe ta koma ciki. Kwana goma sha ɗaya tana ajiye mini abinci a bakin ƙofa ba ta ce mini uffan ba. Da safe ta yi aikinta, da rana ta zauna wajen Inna ta ba ta abinci a baki. 'Yan sanda sun zo sun tambayi Inna wa ya fara dukanta. Ta ce ita ba ta ga kowa ba.

Ban iya shiga ɗakin da take kwance ba. Sai da aka sallame ta da mako biyu na je Ƙauyen Alu, da ledar lemo a hannu kamar mai zuwa barka. Gidan ƙasa ne, langa-langa a ƙofa. Ɗanta ne ya fito, ƙato, siminti bai gama fita daga gashin hannunsa ba.

"Kai ne uban yarinyar?"

Na ce ni ne. Ya ɗauke ni da mari, na ga wuta. Ya ƙara da naushi a baki, na faɗi, lemo ya watse a taɓo. Ya ɗauko ƙotar shebur daga bayan ƙofa. Ban kare ba, ban gudu ba. Wallahi a ranar da ya karya ni da na fi samun sauƙi.

"Kai! Ajiye!" Muryarta ce daga ciki. "Ajiye na ce. Baƙona ne. Shigo da shi."

Tana zaune a tabarma a tsakar gida, hannu a ɗaure a wuya, koren mayafin a kanta. Matata ce ta kai mata shi tare da takalmin. Na durƙusa daga nesa, kaina a ƙasa, jini yana ɗiga daga leɓena.

"Ya mai jiki?" ta ce.

"Ta warke, Inna. Tana ta kiranki."

"Tana cin abinci? Ba ta son koko da zafi, sai an fifita."

Na fara cewa don Allah don Annabi, sai ta katse ni.

"Malam, ɗago ka kalle ni."

Ban ɗago ba.

"Kunyar nan ita ta kai mu inda ta kai mu, tawa da taka. Na ajiye tawa. Ɗago."

Ta zame mayafin. Ranar na fara ganin fuskarta: doguwa, baƙa, da zane uku-uku a gefen baki, haƙori ɗaya ya fita. Idon dama yana kallona. Na hagu ya yi fari, bai ƙara gani ba har ta koma ga Allah.

"Ka gan ni da kyau? In ka gamu da ni gobe za ka gane ni?"

"Zan gane ki, Inna. Ki yafe mini."

"Duka na yafe. Uba ne kai, ka ga jini a bakin 'yarka. Tafiyar da ka yi ma, na ga lokacin da ka gane ni, ita ma na bar ka da Allah. Amma ni ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Jiya jikata ya dawo daga makarantar allo yana kuka, an ce masa kakarsa mai satar yara ce. Wannan ba ni zan yafe ba, don ba a hannuna yake ba. A bakin mutane yake. Inda ka faɗa, can za ka je ka janye. Da ƙarfin da ka faɗa."

Na ce to. Sai da na yi kwana tara ina zagaye mararrabar nan, ina ɗaukar fasinja a wani wuri. Rana ta goma, Juma'a, bayan an sauko daga masallaci titi ya cika, na je na hau bencin mai shayi. Na ce jama'a ku saurara, matar da aka daka a nan ba ɓarauniya ba ce, mai rainon 'yata ce, asibiti za ta kai ta, ni na yi mata ƙazafi, kuma na gane ta na tafi na bar ta.

Waɗanda suka tsaya ba su kai ashirin ba. Ranar dukan sun fi ɗari. Mai faci ya ce, "Sai yanzu?" ya ci gaba da aikinsa. Mai awara ta tofar da yawu a gefen bencin. Wani ya ce Allah ya kyauta. Dogon ya jawo ni ƙasa da riga.

"Kai mahaukaci ne? So kake a kwashe mu? Ai ko nawa suka ba ka ka canza magana, mu mun ga abin da muka gani."

Na koma na gaya wa Inna na yi. Ta tambaye ni mutum nawa suka ji. Na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "To saura sauran."

Ba ta ƙara zuwa gidanmu ba. Matata ce ke kai mata yarinyar ranar Asabar, har bayan kaka da Inna ta koma ƙauye, ta ce birni ya ishe ta. Mahaifiyata ta dawo ta ci gaba da raino. Ban ƙara ce wa matata ta bar aiki ba, ban kuma ƙara ɗaga mata hannu ba, ko da yake ba zan ce zuciyar ta bar ni gaba ɗaya ba. Bayan wasu shekaru ɗan Inna ya aiko cewa ta rasu. Na je gaisuwa. Ya karɓi hannuna.

An daɗe da hana acaɓa a Kano, yanzu A Daidaita Sahu nake ja. Kwanakin baya na ɗauko wasu mata biyu daga Daurawa za su asibiti dubiya. Muna isowa mararrabar, darbejiyar ma an sare ta, sai babbar ta nuna wa ƙaramar wajen.

"Kin ga nan? Ina yarinya aka kama wata tsohuwa ta sato yara uku a buhu. Har ta fara cin ɗaya, bakinta duk jini."

Na gangara gefen titi na kashe inji.

"Malam, lafiya? Ba mu iso ba fa."

Na juyo na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, minti biyar zan ci miki. Yarinya ɗaya ce, ba uku ba, kuma tana nan da ranta, 'ya'yanta biyu. Ni ne ubanta. Bari in gaya miki wace ce tsohuwar."